Ɗalibina na Kalambaina

Bayan la'asar yake zuwa, Talata da Alhamis,
kabu-kabu ta sauke shi ƙofar gidana a Arkilla,
ƙurar siminti har cikin girarsa,
littafi a hammata, ƙamus a cikin waya.
Sunansa Luwo Jinhai.
Leburori sun gaji da murɗa harshe,
suka raɗa masa Lawwali, ya amsa.

Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci
ga yaran da suka sha Hausa a nono.
Na ajiye alli, sai ga mutumin Sin a kan tabarmata.
Ni baƙo a gidan Turanci, shi ma baƙo,
baƙo na nuna wa baƙo inda ake ajiye buta.

Kalma ashirin kowane zama.
Yakan jera su a hagun takarda,
a dama ya zana nasa rubutun,
kowane harafi kamar shatar gida kafin a ɗora bulo.
Ya san sunan kowace ƙusa a injin niƙa dutse,
ya san kalmar matsi, kalmar wuta, kalmar haɗari,
amma bai iya tambayar mai gadi
yadda ɗansa ya kwana da zazzaɓi ba.

In ya zo karatu sai ya bi layi da yatsa,
a hankali, kamar mai tsallaka Rima da kaya a ka.
Ra da la suna yi masa gardama.
Na ce kar ka damu, ni ma pa da fa
sun sha kunyata ni gaban sufeto.
Muka yi dariya har akuyar maƙwabta ta leƙo.

Ran da Kulu ta aiko mana da abin sha mai zafi
ya nuna kofi ya ce ca.
Na ce shayi.
Muka tsaya muna duban juna.
Ashe wata kalma ta riga mu tafiya,
ta ratso ruwa, ta ratso rairayi,
ta zauna tana jiran mu a gindin darbejiya.

Wata Alhamis ya zo da hannu a naɗe,
ƙarfe ya datse masa yatsa biyu.
Ya ce: Malam, tun safe ake ce mini sannu.
Direba ya ce, mai shara ya ce,
har mai albasa a bakin titi.
Jiya ina aiki lafiya ƙalau, sannu suka ce.
Da na dawo daga tafiya, sannu.
Fassara mini ita da Turanci.

Na ɗauko tsohon ƙamusina mai yagaggen bango.
Na ba shi kalma ɗaya, ta rufe ciwo ta bar aiki a waje.
Na ba shi ta biyu, ta tari matafiyi
ta wuce majiyyaci ba ta waiwaya ba.
Har biyar na jera, zufa na ɗiga kan shafi,
kamar mai auna gero da rariya.
Na ce haɗa su duka ka riƙe.
Ya girgiza kai.
Da hannun da ya rage ya rubuta sannu a hagu,
ya bar daman takarda fari fat.

Aka kira magariba, mai kabu-kabu ya danna ham.
Aikin gida na makon jiya ko rabi bai yi ba,
ban ce komai ba.
Ya saka takalmi, ya juyo daga bakin zaure,
ya ce: Malam, sannu da aiki.
Harshensa ya saba hawa da sauka tun yana goye,
ko gaɓa ɗaya bai kuskure ba.

Na ce yawwa, Lawwali, sannu kadai.
Talata ka zo da kalmominka ashirin.